Yaya Na'ura Ke Gane Salon Zanen Bangon Haikali, Kuma Yaushe Za a Yarda da Ita?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta, kuma malamin da ke duba aikina ya ba ni shawarar in yi bincike kan yadda ake koya wa na'ura gane salon zane-zanen da ke bangon tsofaffin wuraren bauta, irin na ƙasar Sin da Indiya. Na karanta cewa akwai manhajojin da ke faɗin zamanin da aka yi zane daga hotonsa kawai. Shin da gaske na'ura tana gane salo, ko dai wani abu dabam take gani? Kuma idan zan gwada da kaina, daga ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambayarki ta kasu gida biyu, kuma kashin farko ya fi nauyi. Kina son sanin ko abin da manhaja ke kamawa, a lokacin da ta dubi hoton bango ta ce wannan na zamanin daula kaza ne, shi ne abin da masanin tarihin zane ke kira salo. Sannan kina neman hanyar da za ki bi ki gwada da hannunki. Abin da zan ce miki tun daga farko shi ne, na'ura tana koyon duk abin da ya raba tulin hotuna ɗaya da wani tulin, ko hannun mai zane ne ya raba su, ko lalacewar launi, ko fitilar mai ɗaukar hoto, kuma ita da kanta ba ta da hanyar bambance waɗannan abubuwa. Aikin mai bincike ne ya toshe mata gajerun hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, har abin da ya rage mata ya zama zanen kansa. Zan gina bayanina a kan kogwannin Mogao na ƙasar Sin, domin a can aka fi yin wannan aiki, kuma a can ne matsalolinsa suka fi fitowa fili.

Bangon da ake magana a kai

Kogwannin Mogao suna kusa da garin Dunhuang a lardin Gansu, arewa maso yammacin ƙasar Sin, inda ayarin fatake masu bin hanyar siliki ke yada zango kafin su kewaye hamadar Taklamakan. Ruwayar da ta shahara ta ce wani malamin addinin Buda ne ya fara sassaƙa kogo a jikin dutsen a shekarar 366, aka kuma ci gaba da sassaƙa da zane har ƙarni na 14, wato kimanin shekara 1,000. A yau akwai kogwanni 492 masu zane ko mutum-mutumi, faɗin bangon da aka zana ya kai kusan murabba'in mita 45,000, kuma hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihi na duniya a 1987. Masu kwamfuta sun yi wa wurin ca ne saboda yawan zanen, da kuma cewa an riga an yi musu rabin aiki: cibiyar binciken Dunhuang ta kafu tun 1944 a ƙarƙashin Chang Shuhong, kuma masana irin su Fan Jinshi sun shafe shekaru masu yawa suna jera kogwannin, suna tantance wanne ya riga wanne.

Yana da kyau ki san yadda aka yi bangon, domin rabin matsalolin da za ki haɗu da su daga nan suka taso. Dutsen wurin tsakuwa ce da yashi da suka dunƙule, ba ya karɓar zane kai tsaye, saboda haka sai a yaɓe shi da laka da aka kwaɓa da ciyawa da yashi, a shafa farar ƙasa ko jar ƙasa a kai, sannan a yi zanen da garin duwatsu masu launi da aka dama da gam bayan yaɓen ya bushe. Launin yana zaune ne a saman yaɓen, bai shige cikinsa ba, don haka yana ɓamɓarewa, yana kuma sauya kama idan ya daɗe.

Salon kuwa ya sauya sosai cikin waɗannan shekaru, kuma misalin da aka fi amfani da shi shi ne halittun sama masu shawagi, waɗanda Sinawa ke kira feitian, domin kusan kowane zamani ya zana su. A kogwannin ƙarni na 5, jikinsu mai kauri ne, a tanƙware kamar harafin V ko U, ƙirji a buɗe, a kan bango mai jar ƙasa, kuma an yi wa fuska da gaɓoɓi inuwa a gefe-gefe don su yi tudu, wadda dabara ce da ta shigo daga Indiya da tsakiyar Asiya. Zuwa tsakiyar ƙarni na 6 sai ga su sirara, masu dogayen fuskoki da riguna masu faɗin hannu irin na fadar Sin. A zamanin daular Sui, daga 581 zuwa 618, sukan zo tururu suna bin juna a kewayen rufin kogo, a zamanin Tang kuwa, daga 618 zuwa 907, jikin ya cika, gyalen ya yi tsawo yana jan wutsiya a bayansu. Masanin da ya saba yana gane waɗannan da kallo ɗaya, kamar yadda alaramma ke ɗaga shafin Alƙur'ani rubutun hannu ya ce wannan rubutun Barno ne tun kafin ya karanta kalma guda. Tambayar ita ce ko za a iya mayar da wannan sabo lissafi.

Abin da na'ura ke gani

Ga kwamfuta, hoto jerin lambobi ne, kowane ɗigo da lambobi 3 masu nuna ƙarfin ja da kore da shuɗi. A da, mai bincike ne ke zaɓar abin da za a auna: yawan kowane launi, lanƙwasar layuka, kaurinsu, yadda gefuna ke karkata. Wannan ba sabon tunani ba ne, domin tun ƙarni na 19 wani masani ɗan Italiya, Giovanni Morelli, ya ce hannun mai zane ya fi tona kansa a ƙananan wuraren da ba ya mayar da hankali a kansu, kamar kunne da farce da yatsu, inda yake maimaita abin da hannunsa ya saba. Daga 2012, lokacin da manhajar AlexNet ta lashe gasar gane hotuna ta ImageNet, sai aka koma ga sarƙar lissafi mai hawa-hawa da ake taƙaita sunanta da CNN, wadda ke gano abin da za ta auna da kanta. Hawan farko yana kama gefuna da sauyin haske, na tsakiya yana kama saƙa da maimaituwar ado, na sama yana kama siffofi irin su fuska ko fure. A 2015 Leon Gatys da abokan aikinsa a Tübingen ta Jamus suka nuna cewa idan aka auna yadda waɗannan ma'aunai ke tashi tare a faɗin hoto, ba tare da kula da inda suke ba, ana samun abin da ya yi kama da salo, har ana iya ɗauke shi daga hoto ɗaya a ɗora wa wani.

A aikace, ba wanda ke da hotunan bango da suka isa a koyar da irin wannan sarƙa daga tushe. Abin da ake yi shi ne a ɗauko wadda ta riga ta koyi gani a kan hotunan ImageNet sama da miliyan 1, irin su ResNet, a cire hawanta na ƙarshe, a sake horar da ita a kan hotunan bangon da masana suka riga suka liƙa wa zamani. Wannan hanya tana aiki, amma tana zuwa da gadonta. Wani bincike da aka fitar a 2018, shi ma daga Tübingen, ya nuna cewa sarƙoƙin da aka horar a kan ImageNet sun fi dogara da saƙar fuskar abu fiye da siffarsa, har idan aka ba su hoton kyanwa da aka lulluɓe da saƙar fatar giwa sai su ce giwa ce. Ki riƙe wannan, domin a bango mai shekara 1,400 abin da ya fi kowane abu saƙa shi ne tsagewar yaɓe da ɓamɓarewar launi.

Aikin da kika ji labarinsa wataƙila shi ne wanda wasu masu bincike na ƙasar Sin suka wallafa a 2018. Sun tara hotunan zane 3,860 daga kogwanni 194 da aka san zamaninsu, suka haɗa ma'aunin launi da na siffa da sarƙar CNN, sannan suka gwada manhajar a kan zane 7 da masana ke saɓani game da zamaninsu, kuma suka ba da rahoton cewa sakamakon ya sami amincewa daga ɓangaren masanan Dunhuang. Aiki ne mai kyau, ya kuma cancanci ki karanta shi a tsanake. Sai dai ki lura da wanda ya yanke hukunci a ƙarshe: masani ne ya dubi abin da na'ura ta ce ya amince, kuma a ganina haka ya kamata tsarin ya kasance.

Inda ake zamewa

Matsala ta farko ita ce launin da kike gani a yau sau da yawa ba shi mai zanen ya shafa ba. Masu zanen kogwannin farko suna haɗa launin fata da jan gari da farin gari na dalma, kuma jan dalma idan ya daɗe cikin damshi da haske yana rikiɗewa ya koma baƙi-baƙi. Shi ya sa fuskokin ƙarni na 5 da na 6 suke fitowa yau da kaurin baƙin zobe a kewaye, da fararen idanu da farin karan hanci, abin da a ranar da aka gama shi inuwa ce mai laushi a kan fata mai ja-ja. Na'ura za ta kama wannan baƙin zobe nan take, kuma za ta yi daidai wajen faɗin zamani, tun da baƙin yana bin irin garin da aka yi amfani da shi a lokacin. To amma idan kika rubuta cewa ta gane salo, kin faɗi abin da ya wuce hujjarki, domin abin da ta gane tsufan sinadari ne. Ranar da aka kawo mata bangon wannan zamani da ya tsira daga baƙin, saboda wani yaɓe ya rufe shi ko don yana wani lungu mai duhu, za ta kai shi wani ƙarni dabam. Haka kunkunniya take: a wajajen 1921 an zaunar da sojojin Rasha da suka tsere daga yaƙin basasar ƙasarsu a cikin wasu kogwannin, suka hura wuta a ciki, hayaƙi ya turnuƙe bangon. Idan kogwannin da suka yi baƙin hayaƙi sun fi yawa a rukuni ɗaya na hotunanki, na'ura za ta ɗauki hayaƙin a matsayin alamar wannan zamani.

Ta biyu ita ce wadda na fi gani a ayyukan ɗalibai, kuma ita ce ke kumbura makin da ake alfahari da shi. Bango ɗaya babba ne, don haka akan yanka hotonsa gunduwa-gunduwa ɗaruruwa, sannan a cakuɗa dukkan gunduwoyin a ware kashi 80 cikin 100 don koyo, kashi 20 don jarrabawa. Sakamakon haka shi ne gunduwar da ke cikin jarrabawa maƙwabciyarta tana cikin koyo, fitila ɗaya ta haska su, kyamara ɗaya ta ɗauke su a rana ɗaya, tsagewa ɗaya ta ratsa su. Na'urar ta haddace kogon ne kawai. An ga irin wannan a fannin lafiya: a 2018 masu bincike a Amurka sun nuna cewa manhajar da aka koya wa gano ciwon huhu daga hoton ƙirji tana iya gane asibitin da aka ɗauki hoton, har da taimakon ƙaramar alamar ƙarfe da ma'aikata ke ɗorawa a kusurwa, kuma tana jingina hukuncinta da wannan. Maganin a nan mai sauƙi ne, sai dai yana rage maki, shi ya sa ake gudunsa: a raba hotuna bisa kogo, ta yadda kogon da ya shiga koyo ko gunduwarsa ɗaya ba za ta bayyana a jarrabawa ba. Da zarar kin yi haka, za ki ga cewa yawan misalanki na gaskiya shi ne yawan kogwanni, ba yawan hotuna ba, kuma hotuna dubu daga kogo 10 misali 10 ne.

Ta uku ita ce bango ɗaya yakan ɗauki zamani fiye da ɗaya. Kogo na 220 a Mogao yana da rubutun da ya nuna shekarar 642, amma zanen farkon zamanin Tang da ya shahara da shi ya kasance a rufe ƙarƙashin wani zane na baya har sai da aka ɗaye na saman a shekarun 1940. A haikalin Brihadisvara da ke Thanjavur a kudancin Indiya, wanda aka kammala a wajajen 1010 a zamanin sarki Rajaraja na ɗaya, an gano zanen daular Chola a 1931 a ƙarƙashin zanen sarakunan Nayak da aka ɗora ƙarnuka daga baya. A kogwannin Ajanta na Indiya, masu gyara daga Italiya sun shafa wa wasu bangaye man ƙyalli a shekarun 1920, wanda daga baya ya yi rawaya ya dusashe launin. A haikalin Wat Phra Kaew na birnin Bangkok a ƙasar Thailand kuwa, dogon zanen labarin Ramakien mai sassa 178 an fara shi ne a zamanin sarki Rama na ɗaya a ƙarshen ƙarni na 18, amma an sake zana shi sau da yawa, har da gyaran da aka yi don bukukuwan cikar birnin shekara 150 a 1932 da shekara 200 a 1982. A irin wannan wuri da har yanzu ake ibada, sabunta zane aikin lada ne a wurin masu shi, ba ɓarna ba, saboda haka tambayar "na wane zamani ne" tana da amsa biyu ko uku, kuma dole ki faɗi wadda kike nema kafin ki liƙa wa hoto suna.

Ta huɗu ta fi zurfi, kuma ita ce dalilin da ya sa ba na yarda a ce na'ura ta tabbatar da zamanin wani zane. Kogwannin da ke da rubutun shekara a jikinsu kaɗan ne. Mafi yawan sauran masana ne suka ba su zamani, ta hanyar kwatanta fasalin kogon da tufafin masu sadaukarwa da aka zana da kuma salon zanen kansa. Idan kika horar da na'ura a kan waɗannan sunaye, sannan ta maimaita miki su, abin da kika nuna shi ne cewa hukuncin masanan yana da tsari da za a iya kwaikwaya. Wannan sakamako ne mai daraja, amma ba shaida ce ta biyu mai zaman kanta ba. Shaida mai zaman kanta tana fitowa daga rubutun da ke bango, ko daga gwajin sinadarin kabon mai nuna shekarun ciyawar da ke cikin yaɓe, wanda an yi shi a wasu kogwannin farko, ko daga binciken garin launin.

Sannan su kansu sunayen daulolin ba a yi su don zane ba. Mai zane ba ya sauya hannu ranar da sarki ya faɗi. A Dunhuang, iyalin Cao sun riƙe mulki daga 914 har zuwa farkon ƙarni na 11, kuma suna da ƙungiyar masu zane ta hukuma, amma a jadawalin daulolin Sin wannan lokaci ya rabu biyu, zamanin da ake kira Dauloli Biyar zuwa 960 da kuma daular Song daga nan. Idan manhajarki ta riƙa rikita waɗannan biyun, mai yiwuwa ita ce ke da gaskiya, jadawalin ne ya raba abin da bai rabu ba. Akasin haka ma yana faruwa. Kogo na 285 yana ɗauke da shekarun 538 da 539, amma bangonsa na yamma an yi shi da salon tsakiyar Asiya mai inuwa a kan jar ƙasa, sauran bangayen kuma da siraran siffofin Sin a kan farar ƙasa. Kogo ɗaya, lokaci ɗaya, salo biyu. Duk wanda ya ɗauka cewa salo da zamani abu ɗaya ne, wannan kogon zai ruguza masa lissafi. Batun gane hannun mutum ɗaya kuwa ya fi wannan wuya, domin aikin ƙungiya ne, wani ya ja layi wani ya cika launi, kuma cikin kayan da aka samu a kogo na 17, wanda mai kula da wurin, Wang Yuanlu, ya gano a 1900, akwai takardu masu huji-huji da ake ɗorawa a bango a buga musu gari don siffar ta fito iri ɗaya sau da yawa. Siffofi biyu da suka yi daidai layi da layi na iya nufin takarda ɗaya ce, ba lallai mutum ɗaya ba.

Idan za ki gwada

Ki fara da ƙaramar tambaya. Ki zaɓi abu ɗaya da ake zanawa a kowane zamani, kamar halittun nan masu shawagi ko adon tsakiyar rufi, domin idan kika haɗa kowane irin zane na'ura za ta koyi batun da aka zana a maimakon yadda aka zana shi, tun da kowane zamani yana da labaran da ya fi so. Ki taƙaita rukunan zuwa 3 ko 4 masu faɗi. Ki lura kuma cewa kogwannin Tang sun kusa rabin duka, na daular Yuan kuwa, wadda ita ce ta ƙarshe a jerin, kaɗan ne ƙwarai, don haka manhajar da ke cewa Tang a kowane hoto za ta sami maki mai kyau ba tare da ta koyi komai ba. Ki ba da makin kowane rukuni dabam, ki kuma nuna teburin da ke bayyana wanne aka rikita da wanne. Kuskuren da ya kai zanen Sui zuwa farkon Tang ƙarami ne, domin maƙwabta ne, wanda ya kai shi Yuan kuwa alama ce ta cewa akwai abin da ya lalace a tsarin.

A nawa aikin, kafin in yarda da kowane maki, akwai gwaje-gwajen da nake yi, kuma ba sa cin kuɗi. Nakan cire launi gaba ɗaya in sake horarwa, in ga nawa ne ya rage idan layi da siffa kaɗai aka bari. Nakan rufe siffar da aka zana da baƙin fili, in bar wa na'ura bangon da ke kewaye kawai; idan har a haka tana cin jarrabawa, to yaɓe da haske take karantawa. Nakan kuma juya tambayar, in nemi manhajar ta faɗi daga wane littafi ko wace kyamara hoton ya fito, kuma idan ta iya wannan cikin sauƙi, alhali kowane zamani daga tushe dabam na samo hotunansa, na san rumbun hotunan ne ke buƙatar gyara. Akwai dabarar Grad-CAM da ke haska wurin da na'ura ta fi dubawa a hoto. Tana da amfani wajen kama ɓarna a fili, misali idan hasken ya taru a kan tsagewa ko a gefen hoto, amma taswirarta ba ta da kaifi, kuma faɗuwar haske a kan fuska bai gaya miki ko layin gira ta duba ko baƙin dalma ba.

Ki yi hattara da dabarun ƙara yawan hotuna da ke zuwa a shirye cikin manhajoji. Juya hoto hagu zuwa dama ba ya cutar da hoton mota ko kare, amma a nan yana mayar da kafaɗar dama ta siffar Buda da aka bari a buɗe ta koma ta hagu, yana sauya hannun da ke yin ishara, yana kuma juya inda buroshi ya nufa. Jirkita launi da gangan yana taimakawa wajen hana na'ura haddace fitila, sai dai yana goge bambancin da ke da ma'ana, kamar shuɗin dutsen da ake kawowa daga Badakshan ta Afganistan da shuɗin da ake samu daga ma'adinin tagulla. Shawarata ita ce ki horar da biyu, ɗaya da jirkitawa ɗaya babu, ki kwatanta. Haka nan kada ki matse dukkan bango zuwa ƙaramin murabba'i, domin jan buroshi zai ɓace, kuma kada hoton da wata manhaja ta cike masa gurbin da ya lalace ya shiga cikin na koyo, tun da abin da ta cike da shi zatonta ne.

Game da inda za ki sami hotuna, cibiyar Dunhuang ta buɗe shafin Digital Dunhuang a 2016 da kogwanni 30 da ake iya kallo kyauta, kuma shirin International Dunhuang Programme (a da International Dunhuang Project), wanda aka kafa a 1994 a babban ɗakin karatu na Birtaniya, yana da hotunan rubuce-rubuce da zanen siliki da aka kwashe zuwa ƙasashe dabam-dabam bayan zuwan Turawa masu binciken kayan tarihi, Aurel Stein a 1907 da Paul Pelliot a 1908. Damar kallo ba ita ce damar kwasa ba, don haka ki karanta sharuɗɗan amfani, ki nemi izini a rubuce idan ana buƙata. Hotunan da aka tsinto daga intanet ko aka ɗauka daga littattafai su ne mafi haɗari, domin kowane mawallafi yana gyara launi yadda ya ga dama.

Inda na'ura ta fi amfani, da inda ta tsaya

A ganina an fi cin moriyar wannan fasaha a inda aikin ya fi ƙarfin idon mutum saboda yawa. Masani ba zai iya riƙe murabba'in mita 45,000 a kansa ba, amma manhaja za ta iya karɓar hoton wani fure ko wata fuska ta fito masa da 20 mafi kama da ita daga dukkan kogwannin, shi kuma ya duba ya yanke hukunci. Za ta iya gano inda aka sake amfani da takardar huji ɗaya a kogwanni dabam-dabam, wanda ke nuna alaƙar ƙungiyoyin masu zane. Za ta iya ɗaga tuta a kan gunduwar da ba ta yi kama da sauran bangonta ba, a je a duba ko gyaran baya ne. Za ta iya kwatanta hoton bana da na shekarun baya a ga inda gishiri ke cin yaɓe, irin matsalar da cibiyar Getty ta Amurka da cibiyar Dunhuang suka yi shekaru suna aiki a kanta a kogo na 85. Idan da ni ne ke zaɓar miki aiki, da na ce ki gina manhajar nemo makamanci, domin kuskurenta ba ya cutarwa kuma amfaninta a bayyane yake.

Iyakarta kuwa ita ce tana zaɓa ne daga cikin rukunan da kika ba ta. Idan kika nuna wa manhajar Mogao zanen Ajanta, ko jabun da aka yi jiya, za ta ba shi sunan wata daular Sin, sau da yawa da ƙarfin gwiwa mai yawa, saboda ba a koya mata cewa "ban gane ba" amsa ce. Ki sa mata iyaka, ta yadda idan hoto ya yi nisa da duk abin da ta taɓa gani za ta ƙi ba da hukunci, ki kuma gwada wannan da gangan ta hanyar ɓoye mata rukuni guda a lokacin koyo. Hoton kyamara ta yau da kullum kuma fuskar bango kaɗai yake nunawa. Abin da ke ƙarƙashi sai da hasken infrared, wanda ido ba ya gani, da binciken sinadarai, wanda aikin masu adana kayan tarihi ne. Saboda haka ki nemi wani malami daga sashen tarihi ko na zane-zane ya duba rukunanki tun kafin ki fara horarwa, kuma a babin sakamako ki ba da maki biyu gefe da gefe, na rabon da aka cakuɗa da na rabon da aka yi bisa kogo, ki bayyana dalilin tazarar da ke tsakaninsu. Allah ya ba da sa'a.